Salsalar Jatan Lande a Faifan Gwaggo

Ƙanena yana fataucin albasa zuwa Kudu, kuma bai taɓa dawowa hannu Rabbana ba. A dawowarsa ta bayan ƙaramar Sallah, cikin tsarabar akwai wata baƙar leda da tun kafin a kwance bakinta ƙarninta ya gauraye tsakar gida. Kirefish ne, ya auno shi a Oron ta jihar Akwa Ibom, inda ake ƙyafe shi a cika buhuna. Matarsa ta juye a faifai tana tsince tsakuwa. Gwaggo, yayar mahaifinmu, ta jawo tabarmarta kusa, ta ɗauki guda ɗaya ta kai shi dab da ido. Ta juya shi ciki da bai, ta taɓa dogon gashin bakinsa da farce, ta ƙirga 'yan ƙafafun da ba su kakkarye ba.

"Wannan ai fara ce, ta ruwa," in ji ta. Sai ta dube ni. "Kai ɗan nan da ka yi boko, su wane ne danginsa?"

Wannan tambaya ita ce sana'ar Gwaggo. A ƙauyenmu na ƙasar Gezawa, in maganar aure ta taso, wurinta ake fara zuwa kafin a kai goro. Ta san wanda kakansa ya zo daga Ringim da jaki ɗaya, ta san gidan da asalinsu Barebari ne ko da yake yau ba mai jin kalma ɗaya ta Barbarci a cikinsu. Ba ta yarda da kamannin fuska, kullum maganarta ke nan, kama da wane ba ta wane. Abu uku take bi. Tana duba tsagar da wanzami ya yi wa tsofaffin gidan, tana tambayar sana'ar da suka gada, sannan tana lura da hanyar da mace ta bi ranar da cikinta na fari ya tsufa. Amarya ta iya saje wa da mutanen gari, ta ɗauki karin maganarsu da irin girkinsu, amma garin da aka kai ta wankan gida shi ke faɗin 'yar ina ce. Da na zauna na bi tambayarta a littattafai, sai na tarar masanan da suka tsara dangogin jatan lande su ma kusan abu ukun nan suka bi.

Da farko dai, hasashenta na fara ya fi ƙarfin wasa. A 2010 wasu masana ƙarƙashin Jerome Regier suka kwatanta ƙwayoyin gado 62 daga halittu 75 masu gaɓoɓi da ɓawo a jiki, suka buga sakamakon a mujallar Nature. Abin da ya fito shi ne ƙwari duka, da fara da ƙuda da tururuwa, reshe ne da ya tsiro daga cikin babbar zuriyar da ta haɗa ƙaguwa da jatan lande. Wato farar da yara ke talla a faranti da yaji, da abin da ke cikin faifan nan, kakansu ɗaya, sai dai ɗaya ya hau tudu ya yi fiffike, ɗaya ya zauna a ruwa. Da na gaya wa Gwaggo haka, ko gezau ba ta yi ba. Ita ta riga ta gani.

Sunan da muke kiransa da shi a kasuwa kuwa aro ne, kuma aron kuskure. Halittar da Turawa ke nufi da wannan suna mai kauri ce, mai manyan hannuwa kamar kunama, kuma babu ita a asalin kogunan babban yankin Afirka, sai a tsibirin Madagaska. Abin da ake auna mana a mudu a Sabon Gari jatan lande ne, yawancinsa wani ƙarami mai suna Nematopalaemon hastatus da ake kamawa a bakin teku da mashigar koguna irin Kuros Riba. Sunan kimiyya haka yake zuwa bibbiyu tun tsarin da Linnaeus ya kafa wa dabbobi a 1758: na farko sunan gida, na biyu sunan mai shi, kamar a ce Maƙera Audu maimakon Audu Maƙera.

Babbar unguwar da suka fito ana kiranta Decapoda, ma'ana masu ƙafa goma, kuma tsohuwar unguwa ce ƙwarai. An tono sawun wani kakansu da ya daskare cikin dutse a Amurka, Palaeopalaemon, mai kimanin shekara miliyan 360, tun kafin a yi ƙadangarun nan manya da suka shuɗe. Dukkansu a teku suka fara. Unguwar ta rabu gida biyu, kuma abin da ya raba su Gwaggo za ta gane shi nan take, domin maganar goyo ce. Wani masani, Martin Burkenroad, shi ya fito da wannan rabo fili a 1963. Gida ɗaya, wanda ya haɗa manyan jatan landen teku da jiragen kamun kifi ke kwasa ana kai wa Turai, matansu zubar da ƙwai suke yi cikin ruwa su yi gaba. Ɗaya gidan kuwa, mace tana manna ƙwanta a ƙananan ƙafafun da ke ƙarƙashin cikinta, tana yawo da su, tana kaɗa musu ruwa har su ƙyanƙyashe. Jatan landen kogi mai goyo ne. Ƙaguwa ma mai goyo ce. Saboda haka jatan landen kogi ya fi kusa da ƙaguwar da yara ke tonowa a bakin rafi a kan babban jatan landen tekun da suka yi kama kamar an tsaga kara. Har tsagar gado suna da ita. In ka kwantar da ɗaya a tafin hannu ka dubi sassan bayansa daga gefe, za ka ga ɓawo na biyu ya yi faɗi ya rufe gefen na farko da na uku, kamar sirdi a bayan doki. Duk mai wannan alama ɗan zuriyar Caridea ne, sunan da James Dana ya raɗa musu a 1852. Na nuna wa Gwaggo a kan wanda ke hannunta, ta bi shi da farce ta ce, "To, ga billensa nan."

Daga cikin wannan zuriya, fiye da iri 700 ne suka baro gishiri suka shigo ruwan daɗi, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ke nan na dukkanta. Kusan duka daga gidaje biyu suka fito, kuma sana'a ce ke bambanta su. Gidan Palaemonidae masu awartaki ne. Babban ɗansu a kogunanmu shi ne Macrobrachium vollenhovenii, wanda wani Baholande mai suna Herklots ya bayyana a 1857. Yana kai tsawon tafin hannun babba har ya ɗara, hannuwansa biyu dogaye masu ƙarfi, yana kama abinci ya fasa, kuma ana samunsa daga Senegal har Angola. Gidan Atyidae kuwa masu tsintsiya da rariya ne. A bakin hannuwansu akwai gashi tattare, ƙananansu irin su Caridina suna share gansakuka da shi daga jikin ganye da dutse. Babbansu, Atya gabonensis, wanda ake kamawa a wuraren duwatsu na Neja da Binuwai kamar Jebba da Makurdi, yakan tsaya inda ruwa ke gudu ya buɗe hannuwansa huɗu kamar mafici, ya tace abin da ruwa ya kawo, ya dunƙule ya kai baki. Duk wanda ya taɓa ganin mace tana tankaɗe a bakin turmi ya ga irin wannan motsi.

Sai dai maganar da ta fi kama zuciyata ita ce ta uku, ta wankan gida. Babban jatan landen nan mai awartaki yana yin kusan duk rayuwarsa a ruwan daɗi, nesa da teku da ɗaruruwan kilomita. A nan yake ci, a nan yake girma, a nan yake aure. Amma jariransa ba sa rayuwa sai a ruwan zartsi, inda kogi ke garwaya da teku. Uwa takan ɗauki ƙwai dubbai, ƙanana kamar ƙwayar gero ko ma ƙasa da haka, ta gangara da su, ko ta sake su ambaliya ta kai su. In jaririn bai iske gishiri cikin 'yan kwanaki ba, ya mutu. A can bakin teku yake yin saɓa sau goma ko fiye, kowace saɓa da sabuwar siffa, har ya zama ɗan ƙaramin jatan lande sosai. Sannan ayari ya tashi. Da dare suke tafiya, a jere, suna bin gefen kogi inda ruwa bai da ƙarfi, suna hawa duwatsu masu laima da ƙafa, suna komawa garin da iyayensu suka fito. Shekaru miliyoyi da barin teku, amma haihuwa har yau sai an koma gidan kakanni.

Wasu kuwa sun yanke wannan igiya. Maimakon ƙwai dubbai ƙanana, uwa takan yi 'yan kaɗan manya, kowanne da guzurinsa cike, jariri ya gama yawancin sauye-sauyensa tun yana cikin ƙwai, ya fito ya kama ganye nan inda aka haife shi. Sun zama 'yan gari ke nan. Kuma binciken ƙwayoyin gado ya nuna ba sau ɗaya aka yi wannan zama ba. A cikin gidan Macrobrachium kaɗai, rassa daban-daban sun yi shi a lokuta daban-daban, ba tare da ɗaya ya gada daga ɗaya ba. Mu a ƙasar Kano bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Wangarawa sun zo daga yamma a ƙarni na 14, zamanin Sarki Yaji. Agalawa da Tokarawa sun gangaro daga arewa daga baya, Fulani sun zo ta tasu hanya, Barebari ta gabas. Yau duk Kanawa ne, hula ɗaya, harshe ɗaya. Wanda ya bi hanyar Haɗeja daga Yankaba zai wuce Tokarawa, a cikin mazaɓun Gezawa ma akwai mai suna Wangara. Baƙo zai ce dangi ɗaya ne. Sai irin su Gwaggo ke sanin cewa kowa da ranar zuwansa da ƙofar da ya shigo ta.

Na san akwai wanda in an ambaci miliyoyin shekaru da rassan halitta sai ransa ya ƙi. Ni dai manomi ne ya haife ni. Gero da maiwa iri ɗaya ne a asali, zaɓen da kakanni suka riƙa yi a bakin rumbu shekara da shekaru ne ya sa ɗaya ke nuna da wuri ɗaya ke jiran ƙarshen damina. Wanda ya ga haka a gonarsa ya san iri yana juyawa, kuma ban ga ta inda ikon Allah ya ragu don ya gudana sannu a hankali ba.

Wankan gidan nan shi ya amsa mini wata tambaya da ban taɓa yi wa kaina ba: me ya sa sai an yi mana tsarabar jatan lande daga Kudu? Ruwan ƙasarmu ba ya zuwa teku. Jakara ta fito daga cikin birni ta nufi arewa maso gabas, kogin Kano da Challawa suka haɗu suka zama kogin Haɗeja, duk abin da ya tsira daga rana da yashi ya bi Komadugu Yobe ya faɗa Tafkin Chadi, a nan tafiya ta ƙare. Uwar da ke bukatar ruwan zartsi ba ta da hanyar gida daga nan. Waɗanda ke iya zama a wannan kwari sai waɗanda suka daina bukatar gishiri, kuma akwai su: a Tafkin Chadi ana samun ƙananan Caridina, da wani Macrobrachium niloticum wanda ke kuma zaune a kogin Nilu da Tafkin Turkana na Kenya. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce tafkin ya kai faɗin murabba'in kilomita wajen 350,000, har yana tumbatsa ta Mayo Kebbi ya zuba a Binuwai. Kwalekwalen da aka gano a Dufuna ta jihar Yobe a 1987, mai kimanin shekara 8,000, shaida ne na zamanin da ruwa ya wadata a wannan yanki. Hanyoyin ruwa sun buɗe, halittu sun bi, hanyoyin suka rufe a bayansu. Shi ya sa giwan ruwa ɗaya ne a Nilu da Chadi da Neja.

Akwai kuma waɗanda ko tafiya ba su yi ba, ƙasa ce ta tsage a tsakaninsu. A bayan gidanmu akwai wani kwazazzabo da Gwaggo ta ce tana yarinya tsallake shi take yi da tulu a ka. Yau sai an zagaya ta gada, kuma gidajen 'yan'uwa biyu da ke gandu ɗaya a da sun koma unguwa biyu. A 1976 wani masani ɗan Kanada da ya yi shekaru yana koyarwa a Najeriya, C. B. Powell, ya bayyana wani ɗan mitsitsin jatan lande da ke ɓuya cikin ruɓaɓɓen ganye a fadamun dazukan Kudu, Euryrhynchina edingtonae, da wani ɗan'uwansa a Saliyo. Danginsu na kusa suna kogin Amazon na Kudancin Amurka, kuma a 2018 aka gano wani a ruwan ƙarƙashin ƙasa a jihar Kerala ta Indiya. Babu ɗayansu da ke iya jure gishiri balle ya ƙetare teku. Bayanin da ya fi zama a hankali shi ne tun ƙasashen nan na haɗe suke zaune, kafin Afirka da Kudancin Amurka su gama rabuwa wajen shekara miliyan 100 da suka wuce. Kwarin Binuwai kansa tsaga ce ta wancan lokaci da ta fara ba ta ƙarasa ba.

A kududdufinmu ma akwai masu kama da su. Bayan ruwan farko ya cika ramin da aka haƙi ƙasar gini, in ka durƙusa ka zuba ido, za ka ga wasu 'yan halittu garai-garai kamar gilashi, tsawon gaɓar yatsa, suna iyo a rigingine, ƙafafunsu na kaɗawa a jere kamar iska a gonar gero. Ƙwansu ya kwana rani cikin busasshen taɓo, shanu sun taka, rana ta gasa, ruwa na sauka suka farka. Turawa su ma da sunan jatan lande suke kiransu. Amma ƙafafunsu sun wuce goma, ba su da tsagar nan ta sirdi, kuma yawancin binciken ƙwayoyin gado ya sa su kusa da fara fiye da abin da ke cikin faifan Gwaggo. Ko a cikin 'yan gida na gaskiya ma an sha yin irin wannan kuɗin goro. Shekaru da dama kusan duk ƙaramin jatan landen da aka kamo a Afirka sai a ce masa Caridina nilotica ko Caridina africana, kamar yadda a Legas duk wanda ya sauko daga Arewa Bahaushe ne, ko Babarbare ne ko Bazabarme. Sai da Jasmine Richard da Paul Clark suka koma kan tsofaffin samfurori a Landan, a ayyukan da suka buga a 2005 da 2009, suka rarrabe su iri-iri.

Mai karatu zai iya cewa, to ina ruwan manomin Gezawa da salsalar abin da ko a rafinsa babu? Amsata tana Senegal. A 1986 aka gama madatsar Diama kusa da bakin kogin Senegal, don a hana ruwan gishiri hawowa a samu noman rani. Niyya mai kyau ce. Amma bangon ya tare hanyar wankan gida. Iyaye ba sa iya kai jarirai ga zartsi, 'ya'ya ba sa iya hawowa, babban jatan landen nan mai awartaki ya kusa ƙarewa a saman madatsar. Ashe shi ne ke fasa ƙananan dodon koɗin da tsutsar tsargiya ke girma a cikinsu. Daga 1988 cutar ta ɓarke a garin Richard Toll, ta zama ɗaya daga cikin annobar tsargiya mafi muni da aka rubuta a Afirka. Daga baya Susanne Sokolow da abokan aikinta suka zuba jatan landen cikin raga a mashayar wani ƙauye, Lampsar, suka kwatanta da wani ƙauyen da ba a zuba ba, bayan an ba mutanen duka biyun magani. Rahotonsu na 2015 ya nuna dodon koɗi masu ɗauke da cutar sun ragu da kashi 80 cikin 100, yawan ƙwan tsutsar a jikin mutane kuma ya ragu da rabi.

Tsargiya ba sai an yi mana bayaninta ba. Ni da idona na ga sa'o'ina muna yara suna fitsarin jini bayan wanka a ruwan da ke kwance, har wasu na ɗaukarsa alamar balaga. A makwabtanmu Minjibir, madatsar Jakara da ke Wasai, wadda aka gina a 1976, tana ciyar da dubban masu lambu da masunta, kuma tsargiya na biye da wannan arziki. Ana raba ƙwayar magani a makarantu, yaro ya warke, ya koma ruwa, ya sake ɗauka, domin dodon koɗin na nan. Ba na cewa a kwaso jatan lande a zuba gobe. Ruwan Jakara na ɗauke da dattin birni da na masana'antu, dole a fara sanin ko halittar za ta rayu a ciki, ko kuma za ta ciyu. Amma sanin salsalarta ya riga ya gaya mana abu biyu masu amfani. A ƙasarmu ba za ta iya hayayyafa ta mamaye ruwa ta kori na gida ba, tunda babu zartsin da jariranta za su sha. Kuma saboda wannan dalili, duk mai son gwadawa sai ya tanadi wurin ƙyanƙyasa mai ruwan gishiri, ya riƙa kawo 'ya'ya duk shekara kamar yadda ake sayen 'yan tsaki. Ina ganin wannan tambaya ce da ta cancanci ɗaliban kimiyyar halittu na jami'o'inmu na Kano su ba ta lokacinsu, a fara da ƙaramin tafki ɗaya da raga, a ƙirga dodon koɗi kafin da bayan.

Duk wannan ban faɗe shi a zama ɗaya ba. Ranar dai na tsaya a maganar goyo da wankan gida, Gwaggo tana saurare tana gyaɗa kai. Matar ƙanena ta kusa gama tsinta, turmi na jiranta, sai ta ɗago wani guda ta ce, "Gwaggo, dubi wannan." A ƙarƙashin cikinsa akwai wani ɗan dunƙule ja-ja da hayaƙi ya busar, ƙwayoyi manne da juna, ba su kai ƙwayar gero ba. Gwaggo ta karɓa ta matsa bakin ƙofa inda haske ya fi, ta daɗe tana kallo.

"Allah sarki, da goyonta aka kama ta," ta ce. "Wannan kar ki daka."

Ta ƙulle ta a gefen zanenta, inda take ajiye goro.